Mutane a Gefen Takarda: Al'ummar Khoikhoi a Taswirorin Turawa na Farko, 1488 zuwa 1813

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin inda masu zana taswira na Fotugal da Holan da Faransa suka riƙa ajiye al'ummar Khoikhoi, makiyayan da Turawa suka tarar a yankin Cape na ƙarshen kudancin Afirka. Abin da take son kafawa shi ne cewa matsayinsu a kan takarda ya riƙa sauyawa gwargwadon abin da baƙin suke buƙata daga gare su, nama ko labarin hanya ko ƙasa, kuma abin da ya zama hujjar mallakarsu, wato hanyoyin kiwo da mashaya, shi ne abin da ba a zana ba.

Gabatarwa



A 1617 Willem Blaeu na Amsterdam ya fitar da taswirarsa ta nahiyar Afirka, wadda gidansa ya yi ta sake bugawa shekaru masu yawa. Bahaushen da ya duba ta zai ga Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, an rubuta su da lafazin Turawa, an kuma karkatar da wurarensu. Blaeu bai san ƙasar Hausa ba. Sunayen sun zo masa ne daga littafin Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a Venice a 1550. Tunda littafin ya ce akwai birane da sarakuna, sai mai taswira ya samu abin da hannunsa ya saba zanawa, ya ɗiga alamar gari ya rubuta sunan masarauta.

In mai dubawa ya gangara ƙarshen kudu, zai tarar da sunayen Fotugal jere a bakin teku, cikin ƙasa kuma daular Monomotapa ta baje. Mutanen Cape ba su cikin ƙasar. Sai ya kai idonsa gefen takardar zai same su. Blaeu ya yi wa taswirar ado da hotunan garuruwa tara a sama, irin su Alƙahira da Tunis da Elmina, da hotuna goma na mutane cikin tufafinsu, biyar dama biyar hagu. A ɗaya daga cikin akwatunan nan aka ajiye mazauna Cape, kusan tsirara, da rubutun Latin a ƙarƙashinsu. A lokacin jiragen Turai sun shafe fiye da ƙarni guda suna sayen shanu da tumaki a hannun mutanen nan.

Sunan da suke kiran kansu shi ne Khoikhoi ko Khoekhoe, kuma har yau ana magana da harshensu a Namibiya da arewa maso yammacin Afirka ta Kudu. Sunan Hottentot da Turawan Holan suka laƙa musu zagi ne a yau, don haka zan ambace shi ne kawai inda ya zo cikin sunan taswira ko littafi.

Abin da matuƙan jirgi suka rubuta a gaɓa

Bartolomeu Dias ya zagaya ƙarshen nahiyar ba tare da ya gan shi ba, ya sauka a gaɓar kudu a Fabrairun 1488. Ya ga garken shanu da masu kiwonsu, sai aka sa wa wata mashigar teku suna da Fotugisanci, Angra dos Vaqueiros, wato mashigar makiyaya. Wannan shi ne shigar Khoikhoi ta farko cikin ilmin taswirar Turai, kuma an kira su da sana'arsu. A wannan saukar ce aka yi rikici a bakin mashaya: makiyayan suka yi jifa da duwatsu, Dias ya harbe ɗaya da kibiya ya kashe. Vasco da Gama ya biyo a 1497, ya sayi sa da mundaye uku, aka yi busa aka yi rawa, sannan aka rabu baram-baram, nan ma a kan ruwa. A al'adar makiyayan, baƙo yana iya shan ruwa amma sai ya nemi izinin masu shi ya ba da ɗan abin gaisuwa. Matuƙan jirgi kuwa suna ganin idon ruwa ba na kowa ba ne. Taswirarsu ta bi ganinsu: ta rubuta inda ake ɗiban ruwa, ba ta rubuta mai shi ba.

A farkon Maris na 1510 Francisco de Almeida, wakilin sarkin Fotugal a Indiya, yana kan hanyarsa ta komawa gida, ya kai hari wata ruga kusa da Table Bay don ramuwar wata hatsaniya. Makiyayan suka kora shanunsu gaba, suna sarrafa su da fito da kira, suka tare maharan a bakin rairayi. Almeida ya mutu tare da mutanensa fiye da hamsin. Daga nan jiragen Fotugal suka fi son yada zango a Mozambik da tsibirin St Helena, sunan mutanen Cape kuwa ya ɓaci a littattafan Turai.

Da Turawan Holan suka shigo harkar, Paulus van Caerden ya bi gaɓar nan a 1601 yana raɗa sababbin sunaye: Mosselbaai don ƙumbar teku da ya samu, Visbaai don kifi, Vleesbaai don nama. Inda Fotugal suka rubuta makiyaya, 'yan Holan suka rubuta nama. Ba na cewa da gangan aka share mutanen. Taswirar jirgin ruwa takardar guzuri ce, ana rubuta abin da za a loda.

Jiki ba ƙasa

Hoton Khoikhoi mafi tsufa da aka buga a Turai bai da muni. Hans Burgkmair na Augsburg ya sassaƙa shi a 1508, bisa labarin Balthasar Springer, ɗan kasuwar Jamus da ya bi jiragen Almeida ɗin nan a 1505. Iyali ne, miji da mata da 'ya'ya, da mayafin fata da faffaɗan takalmi na ƙirgi. Mutane ne da suturarsu da natsuwarsu.

Kafin ƙarshen ƙarnin hoton ya sauya. Littattafan tafiye-tafiye da gidan De Bry ya buga a Frankfurt sun nuna su suna wawar kayan cikin dabbar da aka yanka wa 'yan jirgi. Thomas Herbert na Ingila, a littafinsa na 1634, ya zana mace riƙe da hanji, tana shayar da ɗan da ke goye ta kan kafaɗa. Akwai abin da baƙin suka gani da gaske. Khoikhoi suna shafa kitse gauraye da wani ganye mai ƙamshi da ake kira buchu, kuma bayan yankan wasu bukukuwa mutum yakan rataya kitsen cikin dabbar a wuya har ya bushe. Abin ibada da kariyar fata daga rana da iska ne aka mayar da shi alamar dabbanci. Kuma waɗanda matuƙan jirgi suka fi haɗuwa da su a Table Bay a wasu watanni su ne talakawan bakin teku marasa shanu, masu cin abin da teku ta bayar, ba masu manyan garkuna ba.

Daga irin waɗannan littattafai masu sassaƙa farantan taswira suke ɗibar hoton ado. Yawancinsu ba su taɓa barin Turai ba, kamar yadda Olfert Dapper, wanda littafinsa na 1668 kan Afirka ya zama madogara, bai taɓa taka nahiyar ba. Farantin jan ƙarfe kuwa yana da tsada, ba a jefar da shi don matafiyi ya dawo da sabon labari. A goge kwanan wata, a sauya sunan maɗaba'a, a ci gaba da sayarwa.

Ina so mu tsaya a kan taswirar kudancin Afirka ta gidan Blaeu, mai suna Aethiopia Inferior vel Exterior, wadda ta fito a 1635. A kusurwarta, inda ake rubuta sunan taswira, an zana ƙirgin sa a shimfiɗe, 'yan ƙasa suna riƙe da shi a miƙe, ga birai da kunkuru a kewaye. A jikin ƙirgin aka rubuta sunan ƙasar da Latin. Mutanen da dukiyarsu duka shanu ce an ba su aikin riƙe allo, an jera su da namun daji, a wajen iyakar ƙasar da ake bayani. Cikin ƙasar kuwa garuruwan almara ne da koguna da aka gada daga tsofaffin taswirori. Shekara biyu kafin fitowarta, a 1633, Kamfanin Holan na Gabashin Indiya, wanda aka sani da VOC, ya naɗa Willem Blaeu babban mai zana masa taswira. Gida ɗaya ke yi wa Kamfani taswirorin sirri na hannu, yana kuma sayar wa attajirai masu ado. Dole mai nazari ya bambanta su, don ba aiki ɗaya suke yi ba.

Bayan 1652: shinge da almara

Jan van Riebeeck ya sauka Table Bay a 6 ga Afrilu 1652, da umarnin ya gina sansani, ya yi lambu, ya sayi dabbobi don jiragen Kamfani. Ya iso daidai shigowar sanyi da ruwan saman yankin, lokacin da manyan garkuna suke nesa. Ya tarar da ƙaramin rukunin wani shugaba mai suna Autshumato, waɗanda ba su da shanu. Sai wajen ƙarshen shekara makiyaya suka sauko da dubban dabbobi. Wanda ya san rayuwar Fulanin tashi ya san cewa baƙon da ya zo mashekari bayan an tashi zai rantse ba mai wurin, alhali masu shi sun san ranar dawowarsu. Ɗakunan Khoikhoi na tabarmi ne a kan lanƙwasassun sanduna, ana kwance su a ɗaura wa takarkari. Ƙasarsu zagaye ce ta shekara, daga wannan mashaya zuwa waccan, ciyawar wuri ta huta kafin a dawo. Safiyo kuwa abin da ya tarar a tsaye ranar da ya zo shi yake aunawa.

A Fabrairun 1657 Kamfani ya sallami ma'aikatansa tara ya ba su filayen noma a bakin kogin Liesbeek. Mai awon ƙasa na Kamfani, Pieter Potter, ya zana filayen. A waɗannan taswirori na hannu ana ganin sansani da lambu da kogi da gonaki masu miƙaƙƙun iyakoki, ga sunayen masu su. Kwarin Liesbeek kuwa shi ne wurin kiwon rani na rukunonin Khoikhoi biyu, Goringhaiqua da Gorachouqua. Shekara biyu bayan haka yaƙi ya tashi. Jagoran Khoikhoi a yaƙin, Doman, tafinta ne da ya je Batavia ya ga yadda Kamfani yake mulki a can, ya kuma lura cewa bindigar zamanin ba ta tashi cikin ruwan sama, don haka a ranakun ruwa yake kai hari.

Da aka zauna sulhu a Afrilun 1660, littafin da Van Riebeeck yake rubuta abubuwan yau da kullum ya adana ƙorafin shugabannin Khoikhoi. Sun ce kullum ana ƙara cinye ƙasar da suka gada, suka tambaya ko za a bar su su yi haka in sun je Holan. Da aka ce musu ciyawa ba za ta ishi garken ɓangare biyu ba, suka tambaya wa ya kamata ya matsa, mai wuri ko baƙo. Amsar da aka ba su ita ce sun rasa ƙasar a yaƙi. Wannan yana da muhimmanci ga bahasinmu. Kamfani bai taɓa zaton ƙasar ba ta da masu ita ba. An faɗa masa baki da baki, magatakardansa ya rubuta. Shirun da taswira ta yi ba na rashin sani ba ne.

Abin da aka ƙara a taswira bayan yaƙin shi ne iyaka: katangar itace, da shingen wani icen almon na daji wanda ragowarsa ke nan a lambun Kirstenbosch, da hasumiyoyin tsaro. Sunayen hasumiyoyin su ne Kijkuit, Keert de Koe da Houd den Bul, wato leƙa, juyo da saniya, riƙe bijimi. Makiyayan sun shiga taswira a matsayin abin da ake tarewa. A 1672 wani babban jami'in Kamfani, Arnout van Overbeke, ya so a samu takardar ciniki, aka rubuta cewa an sayi yankin Cape daga Schacher ɗan Gogosoa a kan kaya masu darajar riyal 4,000. Lissafin Kamfanin da kansa ya nuna abin da aka miƙa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba.

A ɗaya hannun, Van Riebeeck ya yarda da tsofaffin taswirori fiye da yadda ya yarda da idonsa. Yana riƙe da taswirar littafin Jan Huygen van Linschoten na 1596, mai nuna Monomotapa da wani wuri wai shi Vigiti Magna. Krotoa, yarinyar da ta tashi a gidansa ana kiranta Eva, ta zama tafinta, ta riƙa ba shi labarin al'ummomin cikin ƙasa, har da wasu Chobona da aka ce suna da arziki da sarauta. Shi kuma sai ya ɗora labarinta a kan taswirarsa ya ce ai Monomotapa ke nan. A ƙarshen 1660 ya tura Jan Danckaert neman birnin zinariya, ayarin ya tsaya a kogin da suka sa wa suna Olifants saboda giwayen da suka gani. A 1661 ayarin Pieter Cruythoff da Pieter van Meerhoff ya haɗu da Namaqua. Ba a samu zinariya ba. An samu abin da ya fi amfanar Kamfani, wato sanin wane ne ke da shanu kuma a ina.

Sunaye masu shawagi

Daga nan Khoikhoi suka baro gefen takarda suka shigo tsakiyarta. Misali mafi bayyana shi ne taswirar da ke cikin littafin Guy Tachard, limamin Katolika Bafaranshe da ya yada zango a Cape a 1685 kan hanyarsa ta zuwa Siyam, wanda aka buga a Paris a 1686. Sunan taswirar ya ce ta ƙasashe da al'ummomin Cape ce waɗanda 'yan Holan suka gano. Bayanin ya fito ne daga Hendrik Claudius, mai haɗa magani kuma mai zane na Kamfani, wanda ya bi ayarin Simon van der Stel zuwa duwatsun jan ƙarfe na ƙasar Namaqua a 1685 zuwa 1686. Kamfani bai ji daɗin fitar sirrinsa ga Faransawa ba, aka ɗauke Claudius daga Cape.

A irin wannan taswira sunayen al'ummomi ne suka maye gurbin garuruwan almara: Namaqua a arewa, Cochoqua wajen Saldanha, Chainouqua da Hessequa da Gouriqua a gabas. Ci gaba ne, ba shakka. Amma a dubi yadda aka rubuta su. Sunan yana shimfiɗe a kan fili, ba iyaka, ba hanyar da ta haɗa mashayar rani da ta sanyi. Tsarinsa ya bi sawun ayarin sayen shanu, masu fita da taba da jan ƙarfe da duwatsun ado da barasa, irin na Isaq Schrijver da ya kai ga Inqua a 1689. Duk inda ayari bai bi ba, fili ne fari. Kuma duk wanda ya nuna hanya, ya faɗi sunan kogi, ya ce ruwa na gaba kwana nawa ne, Khoikhoi ne. Sunan shugaban ayari ke shiga tarihi, na ɗan jagora ba safai ba.

Akwai wata matsala da tsarin rubuta suna ɗaya a wuri ɗaya ya haifar. Rukunonin nan ba ƙabilu ne masu tsayayyar iyaka ba. Dangogi ne da ke haɗuwa ƙarƙashin shugaba mai garke, su rabu in fari ko yaƙi ya ci dabbobi. Sunaye irin Sonqua da Ubiqua, da taswirori suka ajiye a duwatsu tamkar wasu al'ummomi dabam, suna nufin mafarauta marasa shanu. Richard Elphick, a littafinsa Kraal and Castle na 1977, ya yi hujjar cewa makiyayin da ya rasa garke yana iya komawa farauta, ya dawo kiwo in ya farfaɗo. Wasu masana binciken kufai sun ja da shi kan yawan faruwar haka. Ko wane ɓangare mutum ya bi, taswira ta yanke hukunci tun kafin a yi muhawarar: ga makiyaya nan, ga ɓarayin duwatsu can.

Peter Kolb, Bajamushen da ya zauna Cape daga 1705 zuwa 1713, ya buga littafinsa a Nuremberg a 1719, aka fassara shi zuwa harshen Holan da Ingilishi da Faransanci. Kolb ya fi yawancin marubutan zamaninsa adalci ga Khoikhoi, ya ɗauke su mutane masu doka da addini. Jerin al'ummominsa ya shiga taswirori da yawa, har da ta Jacques-Nicolas Bellin mai suna Le Pays des Hottentots, wadda ake ta bugawa har cikin shekarun 1760. Abin lura shi ne lokaci. Gonnema, shugaban wani reshe na Cochoqua, ya sha kaye a yaƙin 1673 zuwa 1677, aka kwashe masa dabbobi masu yawa. Kamfani ya fara naɗa shugabanni da kansa yana ba su sanda mai kan tagulla. A 1713 cutar agana ta shigo ta kayan wankin wani jirgi, ta yi wa Khoikhoi na kudu maso yamma mummunar ɓarna, ta sake dawowa a 1755 da 1767. Elphick ya nuna cewa rushewar ta riga annobar, don garkunan sun riga sun zube. Wato a lokacin da mai karatu a Paris yake ganin sunan Cochoqua da manyan baƙaƙe a kan ƙasarsu, jikokinsu suna kiwon tumakin wani a kan wannan ƙasar.

Taswirar François Valentyn ta 1726 ta kama wannan sauyi yana cikin faruwa. Kusa da Cape da Stellenbosch da Drakenstein, gonaki ne da sunayen masu su ɗaya bayan ɗaya. Rugagen Khoikhoi sai an matsa gaba. Bature yana da suna na kansa a wuri ƙayyadadde, makiyayi yana da sunan taro.

Da'irar rabin sa'a

A nan nake rabuwa da wasu masu bin J. B. Harley. Maƙalarsa ta 1988 kan shiru da sirri a taswirori ta buɗe mana ido cewa abin da taswira ta bari yana magana kamar abin da ta zana, kuma da ita nake aiki. Amma an wuce gona da iri in aka ce taswira ce ta ci ƙasar Khoikhoi. Mafi yawan ƙasar an cinye ta ba tare da an zana komai ba.

Daga 1714 Kamfani ya tsara ba da gonakin aro ga makiyayan Turawa a kan kuɗin haya na shekara. Mutum ya zaɓi wuri, kusan kullum idon ruwa ko bakin rafi, ya kafa alama. Daga nan a tafi da doki yana tafiyar ƙasaita rabin sa'a ta kowace fuska. Abin da ya faɗa cikin da'irar nan, wajen hekta 2,400, ya zama nasa. Ba safiyo, ba zane, sai layi guda a littafin ofis mai faɗin sunan mai haya da sunan wurin. A ƙasa mai ƙarancin ruwa kamar Karoo, wanda ya riƙe idon ruwa ya riƙe duk filin da ke tsakaninsa da ido na gaba, ko da ba a ba shi ba. Makiyayin da ya dawo daga zagayensa sai ya tarar da gida da bindiga da doki a bakin mashayarsa. Zaɓinsa ya matsa gaba cikin ƙasar da ta fi bushewa, ko ya shiga aikin mai gonar da 'yan dabbobin da suka rage masa, ko ya yi faɗa, kuma an yi duka ukun.

Safiyo ya zo daga baya. Bayan Ingila ta karɓi Cape, dokar Gwamna Caledon ta 1809 ta wajabta wa kowane Khoikhoi ya samu mazauni tsayayye da aka yi wa rajista, kada ya yi tafiya sai da takardar izini. A 1813 Gwamna Cradock ya kawo tsarin da ya buƙaci a auna gona a zana ta kafin a tabbatar wa mai ita. Dokar farko ta hana zagayen kiwo, ta biyu ta mayar da da'irar doki takardar mallaka. Har yau ana ganin gonaki masu siffar da'ira a taswirorin filaye na yankin. Aikin taswira a nan shi ne hatimi: ta zo ta tabbatar da abin da doki da bindiga da agana suka riga suka yi, ta kuma sa ya yi kama da abin da haka yake tun asali.

Gordon, da abin da za a iya tsinta

Robert Jacob Gordon, hafsan sojan Kamfani mai asalin Sikotlan, ya yi doguwar tafiya sau da yawa cikin ƙasar tsakanin 1777 da 1786. Yana jin harshen Khoikhoi, yana tambayar sunan kowane dutse da rafi yana rubutawa, wani lokaci da ma'anarsa. Katafariyar taswirarsa ta hannu da zane-zanensa suna gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam. Ba a buga su a rayuwarsa ba, ya kashe kansa a 1795 bayan Cape ta faɗa hannun Ingila. Duk da wannan sani, shi ne a 1779 ya tsaya a bakin babban kogin da masu shi ke kira Gariep ya raɗa masa Orange don girmama gidan sarautar Holan. Ya san sunan, ya rubuta shi, ya ɗora wani a kai.

Sunayen da suka tsira su ne hujja mafi ƙarfi da ta rage a kan taswira: Karoo, Gamka, Dwyka, Outeniqua, Tsitsikamma, Keiskamma, da ɗaruruwan irinsu da G. S. Nienaber da P. E. Raper suka tattara a kundinsu Toponymica Hottentotica a ƙarshen shekarun 1970. Wasu sunayen wurare na harshen Afirkans ma fassarar na Khoikhoi ne kai tsaye. Mai haƙurin da zai ɗora waɗannan sunaye a kan kwanakin da littafin yau da kullum na Kamfani ya ce an ga wace ruga a wane kogi, zai iya fitar da zagayen kiwon da Potter bai zana ba. Masana binciken kufai irin su Andrew Smith sun yi wani ɓangare na wannan aiki a yankin Saldanha da Swartland.

Aikin ba na ɗakin karatu kaɗai ba ne. Dokar mayar da filaye ta Afirka ta Kudu ta 1994 tana sauraron wanda aka ƙwace wa ƙasa daga 19 ga Yunin 1913 ne zuwa gaba, fiye da ƙarni biyu da rabi bayan an raba kwarin Liesbeek. A 2022 rikicin wani katafaren gini a mahaɗar Liesbeek da kogin Black, wanda a lokacin aka shirya kamfanin Amazon zai zauna a ciki, ya kai gaban kotu a Cape Town. Ƙungiyoyin zuriyar Khoikhoi suka rabu biyu, wasu na goyon baya wasu na adawa. Kotu ta dakatar da ginin a watan Maris, wani zaman kotun ya soke dakatarwar a Nuwamba. Duk mai son kafa hujja da tsohuwar taswira a irin wannan shari'a zai tarar da ita ta faɗi sunan wanda aka ba fili a 1657 da faɗin filin, amma zancen garken da ke sauka wurin kowane rani sai ya koma littafin magatakarda.